Mariƙin Wuƙar Munkaila

Yayana Munkaila ɗan maƙera ne, amma tun yana saurayi ya raina zuga-zugi. A 1989 ya sayo tsohon tur daga Sakkwato, injin nan da ke juya ƙarfe wuƙa tana fiƙe shi, ya kafa a zauren gidansa a Ƙonni. Komai na injin lafiya lau, ban da mariƙin wuƙar, wato dunƙulen ƙarfen da ke damƙe ta kada ta motsa. Tsagagge ne, an naɗe shi da waya. Shekara uku ina ce masa ya sake, yana ce mini, "Tsahara, ke da tukunya, ina ruwanki da tur?"

Ashe da ruwana. Wani rani sandar injin ban ruwan mijina Jibo ta karye. Garkar albasa gare mu a Dogarawa, ita kaɗai muka dogara da ita, don geronmu bai kai wata uku a rumbu ba. Jibo ya ce in albasar ta kwana huɗu ba ruwa, mun tashi a banza. Na ƙulle sandar a zane, na hau mota zuwa Ƙonni.

Munkaila ya ɗora ƙarfe zai fiƙe sabuwa. Wuƙa ta ci sau biyu, mariƙin ya rabe gida biyu. Innalillahi! Muka karaɗe garejojin Ƙonni neman wani mariƙin. Ɗaya muka samu, na injin Faransa, ya yi tsawo, wuƙa ba ta faɗa tsakiyar ƙarfe. Sai Munkaila ya ce zai ƙera da kansa, ya zaɓi guntun ƙarfen ƙafar kamiyo, wato babbar motar kaya, ya yanka da zarto, ya goge, ya huda. Kwana biyu cur, ni ina zaune bakin ƙofa.

Da ya gama, sai hannunsa ya yi abin da ya gada. Ya gasa shi ya yi jajir, ya tsoma a ruwa, yadda Baba ke yi wa hauya don ta yi tauri. Ya ɗora, ya ɗaure noti. Ƙas! Ya fashe kamar tulu.

Wallahi na yi kuka, na zage shi tas, yayana guda. Baba, da idonsa ya riga ya tafi, ya lalubi gutsuren ya ce, "Wanga ba hauya ba ne, Munkaila. Sake wani, ka turbuɗe shi a rushi ya huce da kansa."

"Baba, kwana nawa?" na ce.

"Iyakar yadda ƙarhen ya so."

A kwana na shida na sauka Dogarawa da sabuwar sanda tana sheƙi. Tun daga nesa na hango shanun Jaje, maƙwabcinmu Bafillace, a cikin garkar. Albasar ta riga ta bushe, Jibo ne da kansa ya buɗe musu shinge. Tafin hannunsa duk ya saɓule da jan guga, fangali biyu kacal ya ceto. Ya karɓi sandar, ya juya ta a hannu, ya ce, "Ta yi kyau."

Mariƙin nan na biyu da ya ƙera har yau yana kan tur ɗin, ko tsaga bai yi ba. Masu garka daga Malbaza har Tsarnawa suna yabon Munkaila da shi. Ni in na je gidan, ta ƙofar baya nake shiga, ba na ratsa zauren.