Gas Ɗin Girki a Motar Baba Sani

Ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. A Kurmin Mashi na tashi, mahaifina tela ne, mutumin da ko ƙyalle ya ragu a yadin wani sai ya naɗe ya mayar masa. Da na gama sakandare aka kai ni wani gareji a Doka na koyi gyaran esi, wato na'urar da ke sanyaya cikin mota. Allah ya ba ni hannu. Tun kafin a yaye ni, da kunne kawai nake gane ciwon kwamfuresa, wadda ita ke tura gas ɗin sanyi ya zaga cikin bututu. Samari, da ku nake, musamman ku masu riƙe da sifana. Ku saurari abin da zan faɗa muku.

Farkon abin bai kai ya kawo ba. Wani ma'aikacin gwamnati ya kawo mota esinta ba ya sanyi. Ina dubawa na ga fis ne kawai ya ƙone. Kafin in buɗe baki ya ce, "Injiniya, kwamfuresa ce ko?" Shi da kansa ya miƙo mini ƙaryar. Na ce ita ce. Na kwance tasa, na wanke, na fesa mata fenti, na mayar masa da abarsa a matsayin 'yar Beljiyam, wato kwancen ƙasar waje. Ya biya yana godiya. Ranar na kasa cin abinci, amma washegari na ci, har da ƙari.

Daga nan ido ya buɗe. Na shiga sayen matattun kwamfuresa wajen 'yan gwangwan, in lallaɓa su su ɗan yi motsi, in fesa fenti in ɗaura wa mutane, lafiyayyun nasu kuma in sayar. Da gas ɗin esi ya yi tsada, wani abokin sana'a ya raɗa mini cewa na girki ma yana yi, sanyinsa har ya fi. Na gwada, wallahi mota ta koma kamar firij. Matsalarsa biyu ce: yana wari, kuma yana kama wuta. Warin na yi maganinsa da ɗan turaren mota da nake rataya wa kowa kyauta, har ana cewa Injiniya akwai alheri. Wutar kuwa na ce ai Allah na tsarewa.

Maƙwabcinmu Baba Sani ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha. Shi ya karɓa mini auren matata Maryam, don lokacin mahaifina ya rasu. Matarsa Hajiya Bilki sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma ta riƙe Maryam tamkar ita ta haife ta. Da muka samu 'yar fari na sa mata Bilkisu, Maryam ta tafi gidansu a Katabu wankan jego.

Ana tsakiyar zafin bazara Baba Sani ya kawo motarsa. Na duba na ga bututun da ke bayan dashbod ne ke yoyo, gefen mai zaman banza. Gyaransa sai an kwance dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda. Kwamfuresarsa kuwa garau, ta asali, ga shi ina da mai neman irinta ido rufe. Na dubi mutumin nan na ce, "Baba, ta mutu." Ko leƙawa bai yi ba. Ya ce, "To ɗana, yi abin da ya dace, kai ka san aikinka." Na cire tasa na ɗaura mai fenti, na bar yoyon yadda yake, na ɗura gas ɗin girki na cika shi taf don ya jima bai ƙare ba. Har turare na rataya masa.

Ranar da Maryam ta yi arba'in na shirya zan ɗauki shatar tasi in ɗauko su. Ina fitowa da safe na ci karo da Hajiya Bilki a ƙofar gida, makullin mota a hannunta. Ta ce, "Injiniya, tafi aikinka, ni zan ɗauko takwarata da kaina. Ga esi ka gyara mana, yarinya ba za ta sha zafi ba."

Maganar ta zo mini har baki. Amma in na faɗi ɗaya sai na faɗi sauran, unguwa ta ji, kasuwata ta mutu. Sai na ce, "Hajiya, a dai sauke gilashi, iskar Allah ta fi wa jariri." Ta yi dariya ta ce, "Da hayaƙin tirelolin Kawo? Kai dai ba ka san renon yara ba." Na buɗe mata ƙofa da hannuna, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ina gareji kwance a ƙarƙashin wata mota, wata mata ta gifta, ƙanshin turaren wutarta ya buge ni. Innalillahi! Sai a lokacin na tuna halin Hajiya. Ba ta taɓa barin amarya ko mai jego ta shiga mota ba sai ta turara ta. Takan kunna esi ta rufe gilashi, ta kawo kasko da garwashi ta ajiye a ƙasa wajen ƙafar mai zaman banza, don ƙanshi ya kama ko'ina. Daidai ƙarƙashin yoyon nan. Shi kuwa gas ɗin girki nauyi gare shi, ƙasa yake taruwa.

Na kira wayarta, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira Maryam, haka. Na san gidan cike yake da mata, wa zai ji waya? Ko hannu ban wanke ba na haye babur ɗin haya, ina dukan bayan mai shi ina cewa ya ƙara wuta, har ya ce, "Malam, in mutuwa kake nema sauka." Ban san sanda muka wuce Kawo ba.

Muna karyo kwanar layin na hango motar a ƙofar gidan surukaina, inji a kunne, gilashi a rufe. Ga Hajiya ta fito da kasko yana hayaƙi. Bayanta Maryam ce rungume da jaririya, mata na rako su ana raha. Na diro daga babur yana tafiya, na kwarma ihu, "Hajiya, kada ki buɗe! Gas ɗin girki ne a ciki!"

Ta riga ta buɗe, ta sunkuya. Sai ji muka yi fuu! Wuta ta yi tsalle ta fito ta ƙofa, ta kama mayafinta da hannayenta biyu. Ihun da ta yi har gobe yana kunnena. Maryam ta faɗi da baya ta kife a kan yarinyar. Maza suka yo kan Hajiya da bargo da ƙasa, aka kashe wutar, aka sa ta a wata mota sai asibiti. Da Maryam ce ta riga shiga, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Da wuri ya ɗan lafa, surukina ya juyo ya dube ni. A hankali ya ce, "Me ka ce yana ciki? Ya aka yi ka sani?" Na duba, duk layin ni ake kallo. Da bakina na tona kaina, ba wanda ya matsa mini.

'Yan sanda suka bincike garejina, suka kwashe tukunyar gas da gwangwanayen fenti. Kwamfuresar Baba Sani ma tana nan ban kai wa mai saye ba. Da labari ya bazu, mutanen da na cuta suka yi ta ɓullowa, wasu ma na manta fuskarsu. Alƙali ya tura ni gidan yari. Baba Sani ya zo kotu, amma ko sau ɗaya bai kalli inda nake ba.

Maryam ta ziyarce ni sau ɗaya tak. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Da Hajiya ta ce za ta ɗauko mu, ka san abin da ke cikin motar?" Na ce na sani. Ta ce, "Kuma ka ce Allah ya kiyaye hanya." Ta nemi in sauwaƙe mata, na sauwaƙe, don ba ni da bakin roƙo. A cikin gidan nan na koyi sallah a kan lokaci, na yi kuka har hawaye suka ƙafe. Ɗaurin bai dame ni ba kamar safiyar nan da na yi shiru.

Da aka sake ni, gidan Baba Sani na fara zuwa. Na durƙusa a tsakar gida. Yatsun Hajiya sun manne da juna, ta bar haɗa turare, ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Mai ɗaura matan kuwa Bilkisu ce, don tun da Maryam ta sake aure yarinyar take wajensu. Wato mutanen da na ƙona su suka rena mini 'ya. Hajiya ta ce, "Tashi. Na yafe, don Allah da takwarata." Baba Sani ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Bilkisu ta rako ni zaure tana riƙe da hannuna. An gaya mata tafiya na yi. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai wa ya ƙona hannun Hajiya? Kowa na tambaya sai ya ce in yi shiru." Ƙarya ta zo mini nan take, mai kyau, irin wadda na saba. Na haɗiye ta. Na ce, "Ni ne, Bilkisu." Ta dube ni, ta zare hannunta daga nawa, ta koma ciki da gudu.

Yanzu ina gyara a wata 'yar rumfa a bakin titi. In fis ne, fis nake cewa. Samari, duk wanda ya miƙa muku makullin motarsa ya juya baya, iyalinsa ya miƙa muku, wata rana ma naku ne a ciki. Kada ku fara, don ta farkon ce kawai ke hana cin abinci. In kuma kun riga kun yi, ku faɗa tun da safe, tun mai motar na tsaye a gabanku. Ni na tsaya kare sunana, sai da na faɗa da ihu a tsakiyar layi, bayan an riga an buɗe ƙofa. Duk Juma'a ina zuwa gaida Hajiya. Bilkisu tana kawo mini ruwa, ta gaishe ni da ladabi, amma har yau ba ta sake riƙe hannuna ba.