Mai Gwaza Ta Fi Josateki Ido

Sau uku Josateki yana rantsuwa gaban talabijin ɗin kasuwar Suva cewa ƙarshen layi 'yan wasan ƙwallon ragbi na Fiji za su jefa ƙwallo, sau uku yana shan kunya. Layin shi ne wanda 'yan wasa ke jerawa idan ƙwallo ta fita fili, a jefo ta, a ɗaga ɗayansu sama ya cafke. Masu tambayarsa duk sun koma wajen wata mai gwaza.

Gajeriya ce, kai fari fat, hannu duk ƙasa. Ƙafafun masu ɗaga ɗan wasa kawai take bi a talabijin da tsinin wuƙarta. "Na uku a layi za su cilla sama," in ji ta. Haka kuwa aka yi. Ƙila 'ya'yanta na bugawa, ƙila baiwa ce.

Abin ya ci Josateki. "Iya, shekara goma ina ɗaga ƙarti a layin nan!"

"Shi ya sa, ɗana. Mai ɗagawa bayan wando kaɗai yake gani."