Ƙodar Yaya da Allura ta Huɗu

Ranar da sakamakon jinin Almakashi ya fito, yayyafi ake yi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai, ba ya kuma barin shanya ta bushe. Yana zaune a bencin asibiti da takunkumi a fuska, Yayarsa na gefe, lema a cinya.

Almakashi mai aski ne. Shekara talatin da ɗoriya yana shago ɗaya: kujera mai juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Ya san kan kowa a layin. Yakan gane sanƙo yana lallaɓowa tun kafin matar mai kan ta lura. Da ƙodojinsa suka gaza, Yaya ce ta ba shi ɗaya, kuma har yau ba ta yarda ta zama tasa ba. In ta zo gaisuwa, lafiyar ajiyarta take fara tambaya, sannan tasa.

Da korona ta shigo, Likita ta hana shi shago. Ta ce mai aski numfashin mutane yake shaƙa, hanci da hanci, don haka ya zauna a gida sai jininsa ya nuna rigakafi ya kama. Ƙanin matarsa, tsohon direba, ya karɓi shagon. Daga taga Almakashi yake kallon kawunan da ya yi shekaru yana gyarawa suna wucewa da kwana-kwana kamar hanyar kan dutse.

An yi masa allura biyu, aka ƙara ta uku. Maƙwabta na kukan zazzaɓi da ciwon dantse, shi ko ƙaiƙayi bai ji ba. To, ranar yayyafin nan Likita ta duba takarda ta ce kusan babu komai. Ta yi masa bayani a hankali: maganin da yake sha safe da yamma shi ke sa masu gadin jiki gyangyaɗi, don kada su kori baƙuwar ƙoda. Allura ta zo ta ƙwanƙwasa, ta tarar da su suna barci. Ta ce ba shi kaɗai ba ne cikin waɗanda aka yi wa dashe, wasu sai an sake ƙwanƙwasawa. Ya dawo a yi ta huɗu.

Yaya ta tambaya ko laifin ƙodar ne, don a jikinta dai ba ta taɓa lalaci ba. Aka ce a'a. Duk da haka washegari ta je ta miƙa dantse aka ƙara mata allura, wai ai ƙodar ta fi jin maganarta.

Shi kuwa Almakashi ya yi nasa tunanin. In barci ne matsalar, ai sai a tashi masu gadi. Ana gobe allura ya fara ɗaga kofi kamar mai haɗiya, ƙwayoyin kuma ya tura su cikin gwangwanin hodar aski. Bai san hodar shago ta ƙare ba. Washegari Direba ya shigo ya ɗauki gwangwanin, ya je ya zazzaga a wuyan mutumin farko da ya zauna, ƙwayoyi suka gangara cikin rigarsa. Mutumin kuwa mijin Yaya ne.

Kafin azahar Yaya ta iso, ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta jera ƙwayoyin a kan tebur, duk sun yi fari da hoda.

"Ƙanina, in korar ƙodar za ka yi, gaya mini. In ɗauko kwano in tafi da kayata."

"Yaya, shagon nake so. Kin ga ƙeyar mijinki kuwa?"

"Na gani. Gashi zai tsiro. Ƙoda fa, ta uku gare ni?"

Ta tasa shi a gaba har asibiti. Aka auna, ƙoda na nan lafiya, don sau biyu kawai ya tsallake. Likita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in masu gadin nan suka farka gaba ɗaya, ba korona za su fara nema ba, baƙuwar za su fara shaƙewa. Almakashi ya sunkuyar da kai, ya miƙa dantse.

Bayan wata guda takarda ta fito. Masu gadi sun buɗe ido ɗaya. Ba yawa, in ji Likita, amma ba babu ba. Ta yarda ya koma aiki da sharaɗi: kujera a waje ƙarƙashin rumfa, takunkumi a fuska, ya tsaya ta baya, kada ya kusanci gemun kowa.

Yanzu yana nan a ƙofar shagonsa daga safe zuwa la'asar. Ƙeya da kai nasa ne, gemu na Direba. In ka ga mutumin layin ta baya sai ka yaba, ta gaba kuma ka yi masa jaje. Yaya tana zuwa sau biyu a rana da magani da kofin ruwa, ba ta tafiya sai ya buɗe baki ta leƙa.