Jirgin da Ba Ya Jiran Sallama

Ana idar da sallar asuba muka ɗau jakunkuna muka bar Fagge, ni da maƙwabcin shagona na Sabon Gari, wani Alhaji da iyayensa suka zo daga Ilori tun ba a haife ni ba. Japan muka nufa, sayen tsofaffin injinan mota. Na bar mai ɗakina da tsohon ciki, haihuwar fari bayan shekara tara da aure. Kwana biyu da saukarmu ta haifi namiji, na yi mata alkawari ta waya cewa da ni za a yi suna.

Wurin injinan ba a birni yake ba. Wani ƙauye ne a tsakiyar gonakin shinkafa, da 'yar tashar jirgin ƙasa wadda teburin mai shayi a Kwaciri ya fi ta hayaniya. Benci biyu, agogo ɗaya, tikiti kuma a na'ura ake saye. Ba mai talla, ba ɗan kamasho. Shayin da na saya a wata na'urar kore ne, sanyi ƙalau, ba sukari, ga tsada. Manyan jirage ta nan suke bi, amma ko kallon tashar ba sa yi. Ƙaramin da ke tsayawa kuwa sai a yi awa biyu bai leƙo ba.

Ranar komawa, tsohon da ya sayar mana da kaya ya rako mu har bakin layi. Jirgi ya iso daidai lokacin da aka rubuta, ƙofa ta buɗe. Sai Alhaji ya ajiye jaka ya soma sallama. Tsoho ya rusuna, Alhaji ya rusuna har ya fi shi. Ya gode da Turanci, ya ƙara da Hausa, ya ce a gaida iyali.

Na ce, "Alhaji, don Allah mu shiga!"

Ya ce, "Haba Malam, direba yana ganin muna sallama da babba, ai ba zai ja ba."

Gaskiya ni ma haka na zata, shi ya sa na tsaya. Ya ja kuwa. Wallahi ko hon bai yi ba.

Na rasa inda zan sa kaina don takaici. Can muka jiyo wani babban jirgi tafe, Alhaji ya matsa gaba yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da a-daidaita-sahu. Ya wuce fuuu, iskarsa ta tafi da hular Alhaji. Tsoho ne ya janyo shi baya ta riga. Tasi babu a ƙauyen, shi kansa tsohon da keke ya zo. Muka zauna muna kallon shinkafa, muna jiran ƙaramin jirgi na gaba.

Kafin mu kai filin jirgin sama, namu ya tashi. Sai bayan kwana biyu muka samu kujera.

Na iso Fagge washegarin suna, na tarar ana naɗe tabarmi, mata na wanke tukwane. Ƙanena ne ya tsaya a madadina aka yanka rago. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a can agogo ba ya jin kunyar kowa, sallama sai a yi ta tun daga gida.

Mai ɗakina ba ta yi faɗa ba, na so ma ta yi. Ta miƙo mini jaririn kawai ta ce, "Ga shi nan, ku gaisa. Kwana takwas yana jiranka."