Hantar da na hana Inna

Shekarun baya can, ina sabuwar malamar firamare a Kafur, kara ya soki mahaifiyata a ƙwauri tana cirar auduga. Ɗan ciwo ne da bai kai a faɗa ba, amma ya ƙi warkewa. Ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura suntum, wata da watanni tana ruwa.

Baffana, yayan mahaifinmu, shi ya kafa doka: mai gyambo ba ya cin nama, ba ƙwai, ba wake, ba gyaɗa, wai duk suna ƙara mugunya. Sai tuwo da miyar kuka lami. Da Inna ta fara ɗashewa kuma, ya ce mataccen jini ne ya taru, ya kira wanzami ya kafa mata ƙaho. Matar da ba ta da jini, ita ake zuƙe wa jini! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To wa ya tsare dokar? Ni. Ni mai takardar makaranta, mai koya wa yara amfanin abinci a allo. Tukunya na hannuna, kuma ina ji da kaina wai ina kula da uwata.

Wata ranar kasuwa zan je garin Ƙarfi, ta riƙo zanena ta ce, "'Yar nan, ki taho mini da hanta, ko yanka ɗaya. Raina yake so."

Na ce, "Haba Inna, so kike ƙafar ta ruɓe? Ki yi haƙuri ki warke tukuna."

Ta sake ni, ta ce, "To, Malama."

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu muka kai ta asibiti a Malumfashi. Likita ya ja fatar idonta, cikin fari fat. Ya juyo ya ce, "Me kuke ba ta ta ci?" Na zayyana masa, har da ƙahon.

Ya ce, "Malama, ke 'yar manoma ce. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi, su ne kamar irin shuka na jini, su ke haifar sabo kullum. Kumburin nan na wata da watanni ya gajiyar da su. Kun hana su abin da za su yi aiki da shi, ɗan abin da suka samar kuma kun zubar. Ku ba ta hanta, wake, zogale, daga yau."

Da na gaya wa Baffa, ko a jikinsa. Wai, "Haka muka gada." Wallahi ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, karon farko a rayuwata. Amma fushin da nake yi da shi bai kai rabin wanda nake yi da kaina ba.

Na ruga wurin mahauta, na dafa hanta ta yi laushi, na kai mata. Ta shinshina, ta yi murmushi, ta ce, "Ashe an yarda yanzu?" Ta kai baki, ta kasa haɗiyewa. "Ajiye mini, zan ci gobe."

Ba ta ci ba. Bayan kwana uku muka binne ta.

Kwana na kowa ne, na sani. Amma tun daga ranar, in aka ce a hana mara lafiya abinci, sai na tambayi dalili, ko wa ya faɗa. Jikokina suna mini tsiya wai Hajiya ba ta cin hanta. Ban taɓa gaya musu ba. Sau ɗaya uwata ta roƙe ni abu, na ce ta jira.