Fitsarina a Kwalbar Yayana

A shekarun da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, tela a kasuwar Hajj Abdalla, da keken ɗinkina a ƙarƙashin rumfa da farar jallabiyata wadda ba ta san laka ba. Turawa ba su daɗe da barin Sudan ba. Iyayenmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ni ina goye, yayana yana takawa da ƙafarsa, suka yada zango a wani ƙauyen Hausawa na Jazira don su yi aikin auduga na shekara guda su wuce. Shekara gudan nan ce ta miƙe har aka binne su duka biyun a nan. Daga ni sai yayana muka rage, ba kawu, ba gwaggo, ba wanda za mu nuna mu ce namu ne a duk faɗin ƙasar. Yanzu na tsufa, idona ya daina ganin kafar allura, shi ya sa na ce bari in rubuto muku abin da ya daɗe yana cin raina.

Yayana manomi ne. Yana noma hawashar wani Balarabe, wato gonar auduga irin ta gwamnati, in an girbe su raba. Aikinsa ban ruwa ne, kullum yana tsaye cikin tur'a, magudanar da ke kawo ruwa daga kogi, wani lokaci har gwiwa, wani lokaci har ƙugu, yana buɗe wannan baki yana toshe wancan. Shi ya kai ni wurin mai ɗinki tun ina ƙarami, ya ce mutum ɗaya ya isa ya ruɓe a cikin ruwa a gidanmu. A gidansa nake ci nake sha. Matarsa kuwa abokiyar wasata ce, ba ta ganina ta ƙyale ni. In na miƙa hannu cikin akushi sai ta ce a matsa wa amarya, kada tuwo ya ƙona mata lalle, don wai tafin hannuna ya fi nata laushi. Ni ma ba na barin ta kwana, sai in ce duk rigar da na ɗinka mata sai na ƙara ƙyalle saboda cin da take yi a madafa. Yayana ya yi ta dariya yana cewa mu biyu sai Allah.

A ƙauyenmu a lokacin, jini a fitsari ba ciwo ba ne. Tsargiya muke ce mata, kuma kusan duk namijin da ke shiga tur'a yana da ita. Manya na cewa zafin rana ne, wasu su ce alamar yaro ya zama namiji ce, har wanda bai gani ba yakan ji kamar an bar shi a baya. Yayana tun yana ɗan saurayi yake ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. In abin ya matsa masa ya sha jiƙon tsamiya, ya kwana, gari ya waye ya koma ruwa. Ni kaɗai ne a cikin sa'o'ina ban taɓa gani ba, kuma a raina ina ɗaukar hakan wata daraja ce ta masu sana'ar zaune.

Wata shekara, daidai auduga ta fashe ana shirin tsinka, sai ga ma'aikatan lafiya da mota. Suka kafa tebur a gindin bishiyar da ke gaban masallaci, aka ce kowane namiji ya zo ya karɓi kwalba mai lamba, ya zaga ya yi fitsari a ciki ya kawo. Wanda aka samu da tsargiya za a tura shi gari a yi masa allurai na makonni. Alluran nan kuwa sun yi ƙaurin suna. Ana cewa suna sa amai da tari, mutum ya kasa ɗaga fartanya, har ana raɗe-raɗin wani ya faɗi bai tashi ba. Ga kuma wata jita-jita cewa sunayen da ake rubutawa na Fallata ne, kamar yadda Larabawa ke kiranmu, don a san waɗanda za a kora yamma. Yayana ya ja ni bayan dangar kara, da kwalbarsa a hannu. Ya ce in ya tafi gari a wannan lokaci mai hawasha zai ba wani gonar, aikin shekara ya tashi a banza, kuma ga yara uku. Ya ce ni da ba na shiga ruwa nawa fari ne tas, in taimake shi in cika masa. Wallahi ko jinkiri ban yi ba. Dariya ma na yi, na ji daɗi yau ga ranar da tela zai yi wa manomi amfani. Na cika tasa, sannan na je randa na sha moɗa uku na zauna jiran abin da zan zuba a tawa, muna ta ƙyaƙyatawa kamar yara. Kashegari aka ba kowannenmu kati mai hatimi, an rubuta ba mu da komai. Yayana ya naɗe nasa a leda ya ajiye cikin akwati, ni kuma na koma kasuwa ina jin na fi gwamnati wayo.

Ba a rufa shekara ba jikinsa ya fara canzawa. Mararsa ta riƙa ciwo, fitsari ya koma sai da nishi, yana fita da zafi, wani lokaci da gudajin jini. Yakan tsuguna ya daɗe, ya tashi, kafin ya kai bakin gona ya sake jin wani. Da abin ya ƙi jin tsamiya sai muka ɗora shi a jaki zuwa shafakana, ƙaramin ɗakin shan magani na yankinmu, ni da matarsa. Ma'aikacin wurin dattijo ne mai kirki, amma ba shi da kayan gwaji, daga ido sai tambaya. Abin da ya fara tambaya shi ne tsargiya, ya ce a kawo katin gwajin bara. Yayana ya miƙa. Dattijon ya duba hatimi, ya jinjina kai, ya ce tunda an duba da madubin likita ba a ga komai ba, to abin da ya rage shi ne ciwon sanyi, irin wanda maza ke kwasowa wurin matan banza. Ya faɗa a hankali, amma matar yayana tana tsaye a bakin ƙofa, kuma Larabcinta ya fi nawa. Na dubi yayana, shi kuma ya dubi ƙasa. A nan ne ya kamata in buɗe baki, kalma biyar ta isa. Amma a lokacin ina neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, sai na ga kurkuku a idona, na ga rumfata a hannun wani, na haɗiye maganar. A hanyar komawa, da matarsa ta yi gaba, yayana ya ce mini in riƙe bakina, gara a kira shi da kowane suna da a kama masa ƙane. Na karɓi wannan magana hannu biyu, don ita nake so in ji.

Daga ranar gidan ya mutu. Matarsa ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta dai ware masa ƙwaryarsa da butarsa, ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin yara. Tana dafa masa, tana wanke masa, amma ba ta haɗa ido da shi. Ni ma wasan ya ƙare, in na shigo sai ta ajiye mini abinci ta ce sannu, shi ke nan. Magana kuwa ba ta ɓuya a ƙauye. Mutumin da in liman ba ya nan shi ake turawa gaba, sai ga shi ana matsawa in ya shigo sahu. Daga baya ma fitsarin ya fara zubo masa ba da saninsa ba, alwala ba ta tsayawa, ya daina zuwa jam'i gaba ɗaya. Ya koma zama a wata 'yar rumfa bayan gida, da gwangwani a gefensa, yana jin kiran salla yana yin tasa shi kaɗai. Abin da na iya yi masa kawai shi ne na tara ragowar ƙyallaye na ɗinka masa wanduna masu ninki huɗu a gaba don kada ya jiƙa tabarma. Ina ɗinkin ina jin kunyar kaina. Sannu a hankali na rage zuwa gidan, na ce aiki ya yi yawa, na koma kwana a kasuwa. Gaskiyar ita ce ba na iya kallonsa. Shi yana can shi kaɗai, ni ina nan ni kaɗai, ita ma tana tsakar gida ita kaɗai, kuma duk abu ɗaya ne ya raba mu, wanda ni na san shi.

Haka muka ci kusan shekara biyu. Sai ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta yi suntum, abinci ba ya zama a cikinsa, fitsarin da a da ba ya tsayawa ya koma ɗan kaɗan a yini. Na nemi mota na kai shi babban asibiti a Madani. Likitan da ya gan shi bai tsaya kan kati ba, ya sa aka sake gwaji, aka ɗauki hoton cikinsa. Sannan ya kira ni ofis ya zana mini a takarda. Ya ce ga ƙoda biyu a bayan mutum, su ke tace jini su fitar da dattinsa ya zama fitsari, ga siraran hanyoyi biyu da ke saukar da shi zuwa mafitsara, inda yake taruwa kafin a fitar. Ya ce tsargiya tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar tur'a ta shiga ta fata, ta yi ta zuba ƙwai a bangon mafitsara shekara da shekaru. Ƙwan ne ke kawo jinin da muke rainawa. A wurin yayana bangon ya yi tauri, bakin hanyoyin nan biyu ya toshe, fitsari ya rasa mafita ya riƙa komawa sama har ya lalata ƙodojin. Ya ce ba ciwon sanyi ko kaɗan a jikinsa. Sai ya ɗaga katin nan ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda aka yi aka rubuta wa mai irin wannan mafitsara cewa ba shi da komai.

A nan na faɗa. Na faɗa masa batun kwalbar, ina jiran ya aika a kira 'yan sanda. Bai kira kowa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ba ni ne na farko ba, ya ce da an kama ciwon a wancan lokaci akwai fata sosai, yanzu kuwa sai addu'a. Ya tashi ya tafi duba wasu. Na zauna a kan wani benci na rasa inda zan sa kaina. Abin da na ji tsoro shekara biyu, wanda saboda shi na bar ɗan'uwana cikin ciwo da baƙin suna, ashe babu shi. Ko tsawa ba a yi mini ba.

Kwanansa tara a asibiti. Shaƙuwa ta kama shi, barci ya yi ta ɗaukarsa, in ya farka ya gane ni, wani lokaci ya kira ni da sunan babanmu. A wani farkawa ya ce mini kada in ɗora wa kaina, shi ya roƙe ni, ya yafe duniya da lahira. Abu ɗaya ya nema, in gaya wa uwar 'ya'yansa. Na ce to. Amma ko a nan sai da na ja ƙafa, na bari aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, na ce sai ta fita takaba. Ranar da na faɗa mata tana tsince shinkafa a faifai. Ta saurara har na gama ba ta ɗago ba. Da ta yi magana, cewa ta yi batun kwalba wauta ce ta maza, wannan ta bar mu da Allah. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne na zauna ina cin tuwonta shekara biyu, ina kallo tana ware wa mijinta ƙwarya, ina kallo tana hana shi ko fara'a a lokacin da ya fi bukatarta, ban ce mata komai ba. Ta ce na raba ta da shi tun yana da rai, kuma yanzu ba inda za ta same shi ta ba shi haƙuri. Bayan sati biyu ta kwashi yaran ta koma wurin danginta a wajen Sinnar. Na je sau biyu, an karɓe ni da mutunci kamar baƙo, ban sake komawa ba.

Na samu jinsiyyar, tana nan a akwati. Na yi aure, bai daɗe ba, ban haihu ba. Abin da rayuwa ta koya mini shi ne ba duk roƙon ɗan'uwa ake biya ba, wani taimakon cutarwa ne, kuma shirun da mutum ya yi don ya tsira yakan fi laifin farko muni. Ina roƙon duk mai karanta wannan, in ka ga jini a fitsarinka ko na ɗanka, ko ɗigo ɗaya ne, kada ka ce zafin rana ne, kada ka ce gado ne, ka je a duba. In an ba ka kwalba ka zuba naka, kada ka zuba wa kowa, ko da wanda ya goya ka ne. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa yau tun mai ciwon yana iya amfana.

Mutanen ƙauyenmu ban taɓa gaya musu ba, sun binne shi da abin da suke zato. Ban ambaci suna a nan ba, amma in akwai tsohon da ya zauna can ya gane wanda nake nufi, to ya sani, ya kuma gaya wa na kusa da shi: yayana bai taɓa sanin wata mace ba sai matarsa. Fitsarin da ke cikin kwalbar nan nawa ne.