Abin da Na'ura Ta Gani a Tafkin Ardo

Mun bar Kano ana kiran assalatu, ni da abokin aikina da direba, bayan motar cike da kwalaben gilashi da kular ƙanƙara. Aikinmu a ɗakin gwaji ne. Muna da wata na'ura da ke rarrabe duk sinadarin da ya gauraye cikin ruwa ko laka, ta auna nauyin kowanne, mu gane shi da sunansa. Abin da ya fito da mu kuwa ba daɗi: shanu bakwai na wani Ardo sun mutu bayan sun sha a wani tafki wajen Sule Tankarkar, 'ya'yansa sun rantse maƙwabcinsu manomin wake ne ya zuba guba. Har an fara maganar ramuwa.

Ta Gagarawa muka bi, gonakin riɗi hagu da dama. A Gumel muka karya da ƙosai, muka nemi ƙanƙara, mai ita ya tsuga mana kuɗi kamar shi ya halicci sanyi. Muka leƙa kasuwar Maigatari don ganin magungunan da makiyaya ke saye. Subhanallahi! Maganin kaska a tsohuwar robar lemo, ba suna, ba takarda. Na sayi ɗaya don gwaji, mai sayarwa yana ta yabonsa.

Bayan azahar muka isa ruga. Ardo ya tarbe mu da fura, idonsa ya faɗa. Muna gaisawa uwargidansa ta ɗebe mana ruwan tafkin, ta jefa alif ya kwanta tas, wai ina za a ba baƙi ruwan laka su kai birni. Na yi godiya, na ce, "Inna, ai lakar muka zo nema." Muka nufi tafkin, na tattare zanina na shiga da kaina. A bakin tafkin na ga irin robar nan ta Maigatari a yashe. Ardo ya ce nan suke wanke wa shanu kaska, su ɗauraye kayan, don nan ruwa yake. Na fara zargi, amma na ci gaba da cika kwalabe; zato ba shaida ba ne.

Muka dawo gida lafiya, muka sa ruwa da laka da maganin da na saya a na'ura. Sau uku na maimaita, ina fatan in ga kuskurena. Babu alamar maganin da ake fesa wa wake. Abin da ke cikin robar shi ne ke cikin tafkin.

Wallahi na fi sa'a guda riƙe da waya kafin in kira Ardo. Na gaya masa a hankali. Sai ya ce:

"Wato da hannuna ke nan, 'yata?"

"Ba da sani ba, Baba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada ki aika wa kowa takarda tukuna. Ni zan je gidan mutumin nan da ƙafata."

Tafiyar nan ta koya mini cewa auna guba shi ne mai sauƙi a aikinmu. Na ji labari washegari Ardo ya je gidan manomin, ya tasa 'ya'yansa a gaba, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure.